Daga Zaure Zuwa Cikin Gida: Jinsi da Iƙirarin Gani da Ido a Rubutun Mata Matafiya kan Turkiyya, 1717–1913

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda mata matafiya suka siffanta rayuwar matan Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ta hanyar ɗora rubutun Lady Mary Wortley Montagu a kan na waɗanda suka biyo bayanta, har zuwa Zeyneb Hanım. Matsayar maƙalar ita ce, zama mace ya ba marubuciya izinin shiga cikin gida, amma muƙaminta da harshen da take ji da kasuwar littattafai ta Landan su ne suka tace abin da ta fito da shi.

Gabatarwa

Gidan mai hali a Santambul kashi biyu ne a wancan zamani: selamlik, inda maigida yake ganawa da baƙi maza, da haremlik, inda iyali suke. Bahaushe ba zai sha wuyar gane tsarin ba, zaure ne da cikin gida. Bature namiji iyakarsa zaure, amma hakan bai hana shi cika takardu da labarin abin da ke bayan labule ba, yawanci daga bakin tafinta ko daga littafin wani da shi ma bai shiga ba. Littafin Edward Said na 1978, Orientalism, ya fi karkata ga irin waɗannan marubuta maza. Billie Melman a 1992 da Reina Lewis a 2004 suna cikin waɗanda suka jawo hankalin manazarta zuwa ga matan. Tambayar da ta rage ita ce: wanda ya shiga ɗaki, me ya gani?

Montagu da jarin shiga

Montagu ta isa ƙasar a 1717 tare da mijinta, jakadan Ingila, suka baro a 1718. Wasiƙunta ba su fito a littafi ba sai 1763, shekara ɗaya bayan rasuwarta, kuma ba wasiƙun da aka aika ba ne yadda suke: ta sake tsara su da hannunta. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai nazari ya karanta su a matsayin adabi da aka yi wa ado, kafin ya ɗauke su shaida.

Wurin da aka fi tattaunawa shi ne gidan wankan mata na birnin Sofiya. Ta shiga sanye da kayan hawan doki, ita kaɗai mai tufafi a tsakiyar matan da suka tuɓe, wasu na shan gahawa, wasu kuyanginsu na yi musu kitso. Suka matsa mata ta tuɓe, sai ta buɗe rigarta ta nuna musu matsattsiyar rigar cikin da matan Ingila suke ɗaure ƙugu da ita. A fahimtarta, matan sun ɗauka mijinta ne ya kulle ta a ciki. A nan kallo ya juya: baƙuwar da ta zo ganin matan kulle ita ce aka tausaya wa. Daga nan ta gina hujjarta cewa lulluɓi yana ba mace damar fita ba tare da an shaida ta ba, kuma matar aure Musulma tana riƙe da dukiyarta. Batu na biyun yana da nauyi, domin dokar Ingila ba ta ba matar aure cikakken iko a kan dukiyarta ba sai 1882. Wato rabin abin da take rubutawa game da Santambul ƙorafi ne a kan Landan.

Akwai abin da shigarta cikin mata ta haifar wanda ba a musu a kansa. Ta ga tsofaffin mata suna tsaga fatar yara da allura suna sanya ɗan ruwan ƙurjin agana don rigakafi. Ita kanta agana ta ɓata mata fuska a 1715. Ta sa aka yi wa ɗanta a 1718, aka yi wa 'yarta a Landan a 1721. Ilimi ne da ke hannun mata, wanda mazaunin zaure zai daɗe bai ji labarinsa ba.

Sai dai gidajen da ta shiga na manya ne, irin gidan matar babban waziri. Kuyangin da ke hidima a ciki ta kalle su kamar kayan adon ɗaki, har ta sassauta zancen bautarsu. Matar talaka kusan babu ita a littafin. Kuma siffar da ta yi wa jikin matan ta koma abincin idon maza: mai zane Ingres na Faransa, wanda bai taɓa taka Turkiyya ba, ya kwafi wannan sashe a littafin ajiyarsa, daga baya ya zana hotonsa na gidan wankan Turkawa mai ɗauke da shekarar 1862.

Waɗanda suka biyo baya

Elizabeth Craven, a littafinta na 1789, ta shiga irin wannan gidan wanka ta fito tana kushe matan. Jinsi ɗaya, ƙofa ɗaya, hukunci biyu. Julia Pardoe, wadda littafinta The City of the Sultan ya fito a 1837, ta kwana a gidajen Turkawa, ta fi mai da hankali ga girki da renon yara da ziyara. Amma zuwa lokacin, leƙa cikin gidan Baturke ya zama abin da mai buga littafi yake jira daga kowace matafiya. Irin rabon aikin nan na mace a cikin gida, namiji a zaure, ya faru a ƙasar Zazzau, inda Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a cikin gida, mijinta M. G. Smith yana bincikensa a cikin maza, littafin Mary Smith a kan rayuwar Baba ya fito a 1954.

Da matan gidan suka ɗauki alƙalami

Tun farkon shekarun 1890 Baturkiya Fatma Aliye ta rubuta Nisvan-ı İslam, ta gina shi a kan hirarta da Turawa mata masu ziyartar gidansu, tana warware abin da suka zo da shi a ka. Lamarin Zeyneb Hanım ya fi sarƙaƙiya. Ita da ƙanwarta sun gudu daga Santambul zuwa Turai a 1906, shekarar da Pierre Loti ya fitar da ƙagaggen labarin da ya samo daga rayuwarsu. Da wasiƙunta suka fito a 1913, wata Baturiya, Grace Ellison, ce ta tace su, sunan da ke bangon ma wanda Loti ya laƙaba mata ne a labarinsa, ga hotunan lulluɓi a ciki. Baturkiya ba ta kai ga mai karatu na Ingila ba sai cikin tufafin da kasuwa ta ɗinka mata.

Duk da haka ta rama kallon. Da ta ziyarci majalisar dokoki ta Ingila, aka kai ta benen da aka keɓe wa mata, inda suke leƙen mazaje ta bayan ragar ƙarfe, ta kira wurin da sunan cikin gidan da ta baro. Ta koma Turkiyya ba tare da ta sami 'yancin da ta fita nema ba. Ragar kuwa ba a cire ta daga benen ba sai 1917.