Bushewa ko Kamawa? Tarihin Gam Mai Jin Haske da Sunayensa a Hausa

Wanda ya taɓa shiga kasuwar wayoyi ta Adjamé a birnin Abijan ya ga yadda mai gyara ke ɗiga gam a fuskar waya, ya ɗora gilashi, sannan ya haska wata 'yar fitila mai launin shunayya. Kafin a gama ciniki gam ya yi tauri. Bahaushe zai ce fitila ta busar da gam. Tambayar da ya kamata ɗalibi ya yi ita ce: shin bushewa ce da gaske?

Tarihin abin ya faro ne a 1801, lokacin da Bajamushe Johann Ritter ya lura cewa gaba da launin shunayya na bakan gizo akwai wani haske da ido ba ya gani, amma yana baƙanta gishirin azurfa. Wajen 1826 Bafaranshe Nicéphore Niépce ya shafa wata irin kwalta a kan farantin ƙarfe, hasken rana ya taurara wuraren da ya taɓa, aka samu hoto mafi daɗewa da ya rage na kyamara. A shekarun 1960 masana'antun Jamus suka fara taurara fentin katako da fitilun zaiba. Daga nan fasahar ta shiga ɗab'i da aikin haƙori, har ta iso teburin mai gyaran waya.

Hausawan Adjamé da Treichville, waɗanda da yawansu 'yan Nijar ne, da Faransanci suke hulɗa a kasuwa, saboda haka daga can suke aro, kamar yadda Bakano ke aro daga Ingilishi. Kowane aro kuwa da tarkonsa. Ma'aikatan ɗab'i na Faransa suna kiran aikin da kalmar da ke nufin busarwa. Kalmar Ingilishi kuma tana da ma'anar warkarwa, har mai fassara marar lura ya mayar da injin ɗab'i asibiti.

Bushewa a Hausa na nufin ruwa ya fita daga abu, kamar tufa a kan igiya. A nan babu abin da ke fita. Gam ɗin ƙananan ƙwayoyi ne a warwatse, tare da wani sinadari da haske ke tayarwa. Da zarar ya tashi sai ƙwayoyin su sarƙe da juna kamar sarƙa, ruwa ya koma tauri. Daskarewa ma ba ta dace ba, domin man shanun da ya daskare yana narkewa a wuta, wannan kuwa ba ya komawa ruwa.

Magina sun riga mu samun kalmar. Suna cewa siminti ya kama, kuma sun san ba bushewa ba ce, tunda har ruwa suke yayyafa masa. Don haka nake ba da shawarar a ce kamawa da haske. Hasken kansa a kira shi hasken ƙetaren shunayya, wanda tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 100 da 400. Sinadarin da ke tayar da aikin kuma a ce masa ƙyastun haske, domin tartsatsi kaɗai yake bayarwa.

Wannan ba gardamar malamai ba ce kawai. Yaron shagon da aka gaya wa gam bushewa yake yi zai kai shi gaban fanka, ya dangwala yatsa ya ji ko ya yi, alhali ɗanyen gam yana jawo ƙaiƙayi da kumburin fata. Wanda kuma ya ɗauka fitilar ɗumi kawai take bayarwa ba zai kare idonsa ba.

Tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955 zuwa ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, ƙa'idar ɗaya ce: a fahimci abu kafin a raɗa masa suna. Aikinku na wannan mako: ku tambayi magini da marini da majemi kalmar da kowannensu ke amfani da ita idan aikinsa ya nuna.