Harbin gaggawa da ƙaramar bindiga: abin da sabon shiga ke fara koyo

Wasa ne da ake harbi ana tafiya daga wuri zuwa wuri, agogo na ƙirga lokaci. Ƙungiyar IPSC ke kula da shi a duniya. An kafa ta a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri, Amurka, Jeff Cooper ne shugabanta na farko. A Faransa ana kiran sa TSV, kuma can ne aka samu Eric Grauffel, wanda ya fara zama zakaran duniya a 1999.

Ana raba makin ɗan wasa da daƙiƙoƙin da ya ɗauka. Tsakiyar allon hari maki 5 ne, kuskure ya ci 10. Saboda haka gaggawa ba saiti asara ce.

Amma ba nan sabon shiga ke farawa ba. Yana farawa da bindiga ba harsashi: zaro ta daga kube, riƙe ta, canza gidan harsashi, har hannu ya saba. Yatsa ba ya zama kan kunama in ana tafiya. Bakin bindiga ya juyo baya ko sau ɗaya, alƙalin fili ya fitar da mutum daga gasar baki ɗaya, komai ƙwarewarsa. Gilashin ido da abin toshe kunne dole ne.

Rukunin Production, na bindigar masana'anta mai harsashin milimita 9, ya fi sauƙin kuɗi. A Nijar kuwa, inda ƴan bindiga suka addabi iyakar jihar Maradi, takardar izinin hukuma ke gaba da komai.