Duwatsun Abzin da mutanen da suka tsare gadonsu

A taswirar da ke rataye a bangon aji, Abzin wani tabo ne mai launin ƙasa can arewa da Agadas. Yawancin yaranmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa abin da suka riƙe game da shi bai wuce sunan dutsen Bagazan da tsayinsa, mita 2,022, saboda ranar jarabawa. Alhali tarihin waɗannan duwatsu a haɗe yake da namu tun ɗaruruwan shekaru. Gobirawa har gobe suna faɗin cewa daga Abzin kakanninsu suka gangaro. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Abzinawa da yawaitar gishiri a ƙasar Hausa a zamanin Sarki Yakubu, a ƙarni na 15, ƙarnin da aka kafa sarautar Abzin. Ayarin Kel Ewe kuwa kowace shekara sai ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya ɗauko kantun gishiri da dabino, ya sauko Damargu da Damagaram da Kano a musanya masa da hatsi da tufafi. Shi ya sa baƙon da ya sauka kasuwar Agadas yau da Hausa zai yi ciniki.

Abin da ya kamata malamai da iyaye su sani shi ne yadda wannan gado ya kai ga zamaninmu, da kuma su wa suka riƙe shi lokacin da abubuwa suka ɓaci.

A 1988 gwamnati ta keɓe wani babban yanki na Abzin da Tenere, hekta miliyan 7.7, ta mai da shi gandun da doka ke karewa, saboda barewa da ragon dutse da jimina da itatuwan da suka rage a cikin kwaruruka. Ƙungiyoyin duniya masu kare namun daji suka kafa aikinsu a Iferwan. Cikin abubuwan da aikin ya kawo har da koya wa magina ginin ɗaki da tubalin laka zalla, mai rufin ƙubba, don a daina sare itatuwa ana yin azara. A 1991 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin jerin gadon duniya. Shekara guda kawai bayan haka, a 1992, ta mai da shi cikin jerin gadon da ke cikin haɗari, domin tawaye ya riga ya kama. Turawan aikin suka tattara nasu ya nasu, ma'aikatan gandun daji suka janye, masu bindiga da motoci suka samu fili. Kafin a sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, wadda muke hutunta kowace shekara, jiminar Abzin ta kusa ƙarewa ƙaf a daji.

Ƴan tsirarun da suka tsira, mutanen gari ne suka riƙe su cikin shinge a Iferwan, suna ba su abinci da ruwa a ƙasar da ruwan kansa sai an yi da gaske. Irin wannan kiwo ne aka faɗaɗa daga baya a Kelle, a gindin duwatsun Kutus cikin jahar Damagaram, inda wata ƙungiyar mutanen yankin ke aiki tare da masana don a samu ƴaƴan da za a mayar daji. Da kowa ya ce wannan aikin gwamnati ne, da yau jiminar nan sai a hoto.

Labarin Dabus shi ma haka yake. Wuri ne tsakanin Agadas da Arlit, inda mutanen dā suka sassaƙa siffofi fiye da 800 a jikin duwatsu, tun zamanin da yankin ke da ciyawa da ruwa, dubban shekaru da suka wuce. Mafi shahara su ne raƙuman dawa biyu. Babban ya haura mita 5, an fitar masa da zanen fata ɗaya bayan ɗaya, kuma daga bakinsa wani layi ya sauko har zuwa ga siffar wani ɗan ƙaramin mutum. Makiyaya sun daɗe da sanin wurin. Masu bincike na waje sun rubuta labarinsa a 1987, kuma da sunansa ya bazu sai matsala ta biyo baya: masu takawa, masu rubuta sunansu a kai, masu ɓantarar dutse su tafi da shi. A 1999 aka ɗauki kwafin sassaƙar, aka zuba shi da ƙarfen sanholo, ɗaya yana filin jirgin saman Agadas. Amma kwafi ba ya tsaron na asali. Abin da ya tsare shi shi ne an haƙa rijiya a kusa, wasu Abzinawa suka zauna da iyalansu da bisashensu, suka zama masu gadi kuma masu yi wa baƙi jagora. Wanda ke shan ruwa a wuri ba ya barin a ɓata shi.

A Timiya kuwa gadon a cikin garake yake. Wanda ya ci lemu ko rumman na Timiya, ko tafarnuwa da dankalin Bagazan, ya ci amfanin wata tsohuwar dabara: raƙumi ko sa yana kai da komo yana jawo wasaki daga rijiya, ruwa na bin ƴan hanyoyi zuwa fangali fangali. Manoma sun haɗa kansu cikin ƙungiyoyi don gyaran rijiyoyi, da tare ambaliyar kwari da jeren duwatsu, da kai kaya kasuwannin kudu. An gyara tsohon barikin da Faransawa suka gina a kan tudun garin, ya zama wurin da baƙi ke hawa su hangi kwarin, wasu kuma su zarce su ga kufan Asode, tsohon birnin da ya riga ya mutu.

A 2001 aka fara bikin Abzin a Iferwan. Sukuwar raƙuma, kiɗan tende da goge na imzad wanda mata ke yi, gasar waƙa da ta ado, baje kolin maƙeran azurfa da madukai, duk a fili guda tsakanin duwatsu. Bikin ya ba matasa dalilin koyon abin da suke gani kamar na tsofaffi ne, ya kuma ba masu sana'a kasuwa. Sai ga shi a Fabrairun 2007 tawaye na biyu ya fara da hari a Iferwan ɗin kanta. Mutane suka watse, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, biki ya tsaya. Bayan ƙura ta lafa mutanen suka koma gidajensu, suka sake tada bikin, ko da baƙin Turai ba su dawo kamar dā ba. A 2013 tsohon birnin Agadas, da hasumiyarsa ta laka mai mita 27, shi ma ya shiga jerin gadon duniya.

Haɗarin bai wuce ba. Tun 2014 neman zinariya ya cika arewa da motoci da injuna, ana sare itace don gawayi, ana farauta a ɓoye, samari da yawa sun bar garka da ayari sun tafi ramuka. Tarihin shekarun nan ya nuna mana abu guda: sau biyu kuɗin waje da ma'aikata suka tafi, sau biyu mazauna wurin suka zauna da abinsu. Kowane aiki da ya ɗore, za ka tarar akwai rijiya ko garka ko kasuwa a bayansa, wato mutane na cin abinci daga abin da suke karewa.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Adar na da duwatsunta, Dogon Dutsi na da nasa, Damagaram a tsakanin duwatsu aka gina ta. Kowane ɗaya yana da suna, yana da labarin yaƙi ko rijiya ko kufai, kuma tsofaffin da suka san labarin suna raguwa. Malami ba ya buƙatar izini daga Yamai kafin ya ɗauki aji guda ranar da babu karatu, ya gayyaci dattijo ɗaya, a hau tudu a rubuta sunayen itatuwa da na wurare a cikin kaye. Iyaye kuma su bar yaran su tafi, su tambaye su abin da suka gano in sun dawo.