Lemun makrut: yadda za a raine shi a gida a yanayin Minna

Lemun makrut, wanda masana tsirrai ke kira Citrus hystrix, ɗan uwan lemun tsami ne da asalinsa yake kudu maso gabashin Asiya. Akasarin dangin lemu ana shuka su ne don 'ya'yansu, shi kuwa ganyensa ake nema. A Tailan da Indonesiya da Malesiya ana sa ganyen a miya da farfesu saboda ƙamshinsa, wanda ke fitowa daga sinadarin sitronelal. Ba a cika samunsa a kasuwannin Nijeriya ba, don haka mai buƙatarsa zai fi samun sauƙi idan ya raini nasa a gida.

Kamanninsa

Itace ne mai ƙaya da ba ya yin tsawo ainun. Ganyensa kan zo tamkar biyu a haɗe, ɗaya a bisa ɗaya. 'Ya'yansa kore ne masu kaushin ɓawo, ruwansu kaɗan ne kuma yana da ɗaci.

Yanayin Minna

Itacen na son zafi da hasken rana, kuma Minna tana da su. Damina kan sauka daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, da ruwan da ya kai kimanin milimita 1,200 a shekara. Lokuta biyu ne ke da haɗari. A Agusta da Satumba ruwa kan kwanta a gindi, saiwa ta ruɓe. Daga hunturu zuwa bazara kuma, musamman a Maris, ƙasa kan bushe ganye ya zube. Shi ya sa ya fi kyau a dasa a Mayu ko Yuni, domin saiwa ta kama kafin rani.

Samun dashe

Ɗan aure ya fi wanda aka shuka daga ƙwaya, domin yana saurin girma, yana kuma riƙe halin uwarsa. Wanda zai shuka ƙwaya ya shuka ta da ɗanyenta, saboda irin lemu ba ya jure bushewa.

Kada a shigo da dashe a ɓoye cikin jakar tafiya. Doka ta buƙaci izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS. A 2020 masana sun ba da rahoton ganin ƙwaron Diaphorina citri a jihar Oyo, wanda ke yaɗa cutar da ta durƙusar da gonakin lemu a jihar Florida ta Amurka. Dashe ɗaya mai cuta na iya jawo wa manoman Binuwai da sauran jihohi asara. Ana iya neman shawara a cibiyar NIHORT da ke Ibadan, mai reshe a Bagauda ta jihar Kano, ko a tsangayar aikin gona ta Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano, Minna.

Dasawa da kulawa

A zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla awa shida. A gauraya ƙasa da yashi da takin dabbobi da ya riga ya ruɓe, a ɗan tayar da gindin, a bar mahaɗin auren a saman ƙasa. Idan a tukunya ko rabin duro ne, a huda ƙasansa don ruwa ya riƙa fita. Da rani a ba shi ruwa sosai duk sa'ad da saman ƙasa ya bushe, a rufe gindi da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa jikin itacen ba, saboda gara. A kewaye shi don awaki. Tsutsar malam-buɗe-littafi kan cinye sabon toho; a tsince ta da hannu, tun da ganyen ci za a yi, bai kamata a fesa masa guba ba.

Amfani a girki

A tsinki ganyen da ya ƙosa, kaɗan-kaɗan, kada a tsiraita itacen. Ana jefa shi ɗungurungum a farfesun kifi ko na kaza a cire kafin a ci, ko a zare jijiyar tsakiya a yanka shi siri-siri. Yana shiga shayi da zoɓo, yana kuma riƙe ƙamshinsa a firiza. Mai goga ɓawon ya wanke hannu kafin ya shiga rana, domin mansa na iya ƙona fata.