Robar Japan, sunan Amurka: tarihin Transformers da masu tara su

Duk wanda ya taɓa riƙe Optimus Prime na 1984 ya san inda gizo ke saƙar: hannuwa. Wasu 'yan dunƙulallun hannaye ne guda biyu shuɗaye, kowanne bai fi ƙwallon dabino ba. In za a mayar da mutum-mutumin ya koma babbar mota, sai an cizge su an ajiye gefe. Yaro ɗan shekara bakwai kuwa ina ya ga ta ajiya? Ɗaya ya shige ƙarƙashin kujera, ɗaya tsintsiya ta kwashe. Shi ya sa a yau, shekara arba'in da ɗoriya, akwai magidanta a Amurka da Turai da Japan da ke bin kasuwannin gwanjo da shafin eBay suna cigiyar hannu ɗaya tak, na hagu ko na dama, don su cike abin da suka yar tun suna firamare.

Abin da da yawa daga cikinsu ba su sani ba a lokacin yarinta shi ne, wannan mota mai jan kai da shuɗayen ƙafafu ba haifaffiyar Amurka ba ce. A Japan aka ƙera ta, kuma can sunanta Battle Convoy.

Labarin ya yi zagaye mai ban sha'awa. A farkon shekarun 1970 kamfanin Takara na Japan ya karɓi lasisin G.I. Joe, 'yar tsanar sojan nan ta kamfanin Hasbro na Amurka. Daga jikinta Takara ya fitar da Henshin Cyborg a 1972, sannan ya ƙanƙantar da shi ya zama Microman a 1974, lokacin da tsadar man fetur ta sa roba ta yi wuta. Daga wannan zuriya aka samu Diaclone a 1980, sai Micro Change a 1983. Na farkon motoci ne da jirage masu rikiɗa, amma a labarinsu na Japan injuna ne kawai, da ɗan ƙaramin direba da ake zaunarwa a ciki. Na biyun kuma kayan gida ne: rakoda, kaset, kyamara, bindiga.

A 1983 wakilan Hasbro suka ga waɗannan kaya a bajekolin kayan wasa na Tokyo, suka sayi izinin sayar da su a Amurka. Ba su ne suka fara shiga kasuwar ba, domin kamfanin Tonka ya riga su da GoBots, waɗanda shi ma daga Japan ya ɗauko su, wajen Bandai. Abin da ya raba gardama shi ne labari.

Hasbro ya miƙa aikin ga kamfanin Marvel mai littattafan zane. Babban edita Jim Shooter ya shimfiɗa ginshiƙin: duniyar Cybertron, da rundunoni biyu masu gaba da juna, Autobots da Decepticons. Dennis O'Neil ya raɗa wa jagoran mutanen kirki suna Optimus Prime. Sauran aikin ya faɗo kan Bob Budiansky, wanda cikin 'yan kwanaki ya zauna ya raɗa wa tarin robobi sunaye, ya ba kowanne hali. Wannan matsoraci ne, wancan ɗan fankama, wancan kuma maci amana ne mai jiran ranar da zai hamɓarar da ubangidansa. Shi ya ƙirƙiro sunan Megatron, kuma ya sha ba da labarin cewa da farko Hasbro ya ce sunan ya cika ban tsoro, shi kuma ya tuna musu cewa ai mugun labarin ake raɗa wa suna. Aka cire ɗan direban nan aka jefar. Motar da kanta ta zama mai rai, mai magana, mai fushi.

A ganina wannan ne muhimmin abin da ya faru a duk tarihin. Injiniyoyin Takara sun yi gwaninta, ba musu. Amma yaro ba ya kuka don injin. Sai an ce masa wannan ƙaramar Volkswagen mai ruwan ɗorawa sunanta Bumblebee, ƙarami ne a cikin 'yan uwansa kuma yana son a san da shi, sannan zai ƙi cin abinci sai an saya masa.

Lokaci ma ya taimaka. Gwamnatin Ronald Reagan ta sassauta ƙa'idojin talla a shirye-shiryen yara, ƙarƙashin Mark Fowler, shugaban hukumar sadarwa ta FCC. Kamfanin Mattel ya riga ya gwada tallata kayan wasa ta hanyar katun da He-Man a 1983 ya ga riba. Saboda haka a watan Satumba na 1984 katun ɗin The Transformers ya fara fita a talabijin, kamfanonin Sunbow da Marvel suka shirya, Toei na Japan ya yi yawancin zanen farko. Peter Cullen ya ba Optimus murya, Frank Welker ya ba Megatron. Kafin a rufe shi a 1987 an yi kashi 98. Masu suka sun ce talla ce ta rabin awa aka yi wa kwalliya, kuma gaskiyarsu. Sai dai yaran ba talla suke gani ba.

Hasbro bai gane haka ba sai da ya sha da ƙyar. A watan Agusta na 1986 aka saki fim ɗin sinima, wanda Orson Welles ya yi muryar Unicron a ciki 'yan kwanaki kafin rasuwarsa a 1985, Leonard Nimoy kuma ya yi Galvatron. Lissafin kamfani mai sauƙi ne: kayan 1984 sun tsufa a kanti, ana son wuri don sababbi. Sai aka karkashe su. Tun farkon fim aka harbe Ironhide da Ratchet da Prowl a gaban yara, can kuma Optimus Prime ya kwanta a gadon jinya, launin jikinsa ya koɗe ya koma toka, ya cika. Yara suka fashe da kuka a gidajen sinima, iyaye suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi. Fim ɗin bai yi kasuwa ba. A farkon 1987 dole aka tashi Optimus daga matattu a talabijin, kuma masu shirya fim ɗin G.I. Joe, da suka yi niyyar kashe jaruminsu Duke, suka yi maza suka mayar da mutuwar dogon suma.

A 1990 aka daina fitar da zubin farko a Amurka, wanda masu tarawa ke kira G1. Beast Wars na 1996, da kamfanin Mainframe na Kanada ya zana da kwamfuta, shi ya farfaɗo da sunan, fim ɗin Michael Bay na 2007 kuma ya kai shi ko'ina a duniya. Amma kafin nan yaran 1984 sun girma, sun fara ɗaukar albashi. A 1994 aka yi taron masoya na farko, BotCon, a garin Fort Wayne na jihar Indiana.

Mai tarawa na gaske ba robar kaɗai yake dubawa ba. Zai juya kwalin ya ga ko an yanke katin da ke baya, inda aka rubuta halin gwarzon da ma'aunin ƙarfinsa, wanda ba ya karantuwa sosai sai an ɗora wata 'yar jar leda a kai. Zai duba ko an datse makin da yara ke tarawa su aika ta gidan waya a turo musu irin su Reflector. Zai nemi baƙar sitikar nan da aka fara liƙawa a 1985, wadda in ka murza da yatsa ɗumin jikinka ya fito da tambarin rundunar. An yi ta ne don a bambanta na asali da jabu, ga shi yanzu tana taimakawa wajen gane shekarar da aka buga kaya. Tayoyin roba sun tsage? Azurfar da aka shafa ta goge? Gaɓoɓin sun saki? Kowanne yana rage kuɗi. Wanda ba a taɓa ɓare kwalinsa ba shi ne sarki, har akwai kamfanoni irin su AFA da ke ba shi maki su rufe shi cikin akwati mai garai-garai. Abin dariyar a nan, kayan da aka yi don a murɗa a juya, ya fi daraja in hannu bai taɓa shi ba.

Robar ma tana da nata ciwon. Fara tana komawa ruwan ɗorawa in ta sha rana, abin da ke damun masu Jetfire, jirgin da asalinsa ma ba na Takara ba ne, daga katun ɗin Macross aka aro shi. Wata roba mai ruwan zinariya da aka yi amfani da ita daga ƙarshen shekarun 1980 kuwa rugurgujewa take yi kamar busasshen ƙuli-ƙuli, ko da tana ajiye. Megatron na asali yana da tasa matsalar daban: bindiga ce ƙirar Walther P38 sak, kuma tun da Amurka ta tsaurara doka kan bindigogin wasa a ƙarshen shekarun 1980, sai aka koma mayar da shi tankar yaƙi.

Kamfanonin sun daɗe da gane inda kuɗin yake. A 2003 Takara, wanda ya haɗe da Tomy a 2006, ya fito da jerin Masterpiece, da Optimus a sahun gaba, an yi shi don manya masu aljihu, ya yi kama da na katun fiye da na 1984. A 2019 Hasbro ya ce zai ƙera Unicron mai tsawon inci 27 in mutum 8,000 suka biya dala 575 kowannensu tun kafin a zuba robar. Sai da aka ƙara wa'adi, amma adadin ya cika har ya haura.