Makonni Biyu Da Tamale Ta Zama Masaukin Afirka

Kafin 2008, duk mai son ƙwallo a Tamale ya san wuri ɗaya ne, wato Kaladan Park, fili mai ƙura inda Real Tamale United take karɓar baƙinta. An kafa ƙungiyar a 1976, kuma Alhaji Aliu Mahama, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa, yana cikin waɗanda suka aza tubalinta. Daga wannan ƙungiya Abedi Pele ya fito, yana ɗan shekara 17 aka tafi da shi Libiya a 1982, Ghana ta ɗauko kofin Afirka na huɗu. Har yau ba ta ƙara ba. Dattawan Zango idan suka kira layi a shirina na wasanni, da wuya su ajiye waya ba su tuna mini cewa yaron namu ne ba.

Sai aka ba Ghana baƙuncin gasar 2008, aka zaɓi birane huɗu: Accra, Kumasi, Sekondi da Tamale. Wani kamfanin Sin ya gina mana sabon fili mai ɗaukar mutum wajen dubu ashirin. Ga mutanen arewa, waɗanda suka saba a yi komai a kudu su ji labari a rediyo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Black Stars ba ta buga wasa ko ɗaya a nan ba. Rukunin da aka kawo mana na Tunisiya, Senegal, Angola da Afirka ta Kudu ne. Amma zuciyar ɗan kallo ba ta iya zama babu gwani. Cikin kwana biyu majalisu sun rabu: wasu sun bi Senegal saboda El Hadji Diouf, wasu Tunisiya, wai ai 'yan'uwa ne Musulmi, wasu kuma Angola don tausayin na ƙasa. Ranar da Angola ta lallasa Senegal da ci 3 da 1, Manucho ya zura biyu, na ga mutanen da ba za su iya nuna Luwanda a taswira ba suna rungumar juna. Bayan wasan kocin Senegal, Henryk Kasperczak, ya ajiye aiki.

Wasan ƙarshe da muka gani a nan shi ne na daf da kusa da ƙarshe, ranar 4 ga Fabrairu, Kamaru ta fitar da Tunisiya da ci 3 da 2 bayan ƙarin lokaci. Da yawa sun tafa wa Eto'o da abokansa a daren. Kwana uku bayan haka Kamarun nan ce ta cire Ghana a Accra da ci ɗaya mai ban haushi, garin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke.

Baƙi suka tafi, fili ya zama gidan RTU, sai dai sa'a ba ta biyo ta ciki ba. Ta faɗa rukuni na biyu a 2013, ta yi shekara takwas a can, ta dawo a 2021, ta sake faɗuwa a 2024. A 2017 aka sa wa filin sunan Aliu Mahama, shekara biyar bayan rasuwarsa.