Tsarin Birnin Kuritiba

Kuritiba shi ne babban birnin jihar Parana a kudancin Brazil, mai mutane kusan miliyan 1.8 bisa ƙidayar 2022. Masana tsara birane na yawan ambatonsa idan ana batun abin da hukumar birni za ta iya yi da kanta sa'ad da jama'a ke kwararowa daga karkara. Batun ya shafi duniya baki ɗaya, domin Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2018 kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birane suke, kuma za su kai kashi 68 a 2050.

A 1965 birnin ya kafa cibiyarsa ta bincike da tsare-tsare, IPPUC, aka amince da babban tsarinsa a 1966. Jaime Lerner, masanin zanen gine-gine, ya zama magajin gari a 1971, gwamnatin soja ce ma ta naɗa shi. Ginshiƙin tsarin shi ne haɗa sufuri da rabon filaye a hannu ɗaya. An ware manyan hanyoyi da suka fito daga tsakiyar gari, aka ba da izinin gina dogayen benaye a bakinsu, gine-ginen na raguwa tsawo gwargwadon nisa daga titi. A tsakiyar hanyoyin aka keɓe layin da bas kaɗai ke bi, wanda ya fara aiki a 1974. A 1991 aka ƙaro tashoshi masu siffar bututu, inda fasinja ke biyan kuɗi kafin motar ta iso, ya shiga ba tare da hawa matakala ba. Filayen bakin kogi da ambaliya ke ci kuwa, irin su Barigui, an mai da su lambunan shaƙatawa masu tafkunan riƙe ruwa.

Bogota ta ɗauki salon bas ɗin a 2000, Legas a 2008.

Tsarin bai rasa naƙasu ba. Filaye sun yi tsada a bakin manyan hanyoyin, talakawa da yawa suka koma garuruwan gefe inda ikon hukumar birnin bai kai ba, masu motocin kansu kuma suka ƙaru ƙwarai. Duk da haka, abin da ya bambanta Kuritiba shi ne cibiyar tsare-tsarenta ta ɗore duk da sauyin shugabanni, kuma har yau tana aiki.